Mutumin da Ke Koyon Cewa A'a

Uwargida Kuwabara, mai sayar da ƙunshin shinkafa a tashar jirgin ƙasa ta Nagoya, tana gane ɗaliban malamar gyaran hali da ke benen sama: kowannensu da jan zare a wuyan hannu. Wannan da ke tsaye gefen shagonta zai kai hamsin, kwat ɗinsa ta sha guga, furfura ta cinye gefen kunnuwansa. Ya ƙura wa kansa ido a gilashin shagon, leɓensa na motsi.

"A'a, yau ba zan zo ba," yake ta nanatawa ƙasa-ƙasa.

Ta san irinsu. In shugaba ya ce a fita shaye-shaye bayan aiki, ba mai cewa uffan. Haka mijinta ya yi ta cewa to, har zuciyarsa ta tsaya a ofis.

Wayar mutumin ta ɗauki ƙara. Yana ganin sunan shugabansa ya haɗe ƙafafu, ya soma rusunawa ga wanda ba ya ma ganinsa.

"Na'am, ranka ya daɗe... Na'am..."

Kuwabara ta matse tsumman hannunta. Gumi na bin wuyansa, yana jan zaren kamar zai tsinke shi.

"A gafarce ni, ranka ya daɗe. Yau... a'a. 'Yata na jirana."

An katse wayar daga can. Jirginsa ya shigo, ƙofofi sun buɗe, shi kuwa yana nan duƙe, ya kasa ɗagowa.

Kuwabara ta leƙo daga shago. "Malam, ɗago kanka mana. Ai ka riga ka faɗa."