Lambar Kati Ɗaya a Kasuwar Babura

Shekarar da na fara aiki a Kazaure, aka ba ni rubuta manhajar rajistar rigakafin shanu. Shafin bincike yana da gurabe uku: sunan makiyayi, ƙauyensa, lambar katinsa. Wanda kake da shi ka cike, sauran ka bari. Na rubuta wa rumbun bayanan umarni guda tak mai ɗaukar duka ukun: in gurbi babu komai a wuce, in da abu a nemo. Na ɗauka da zarar sharaɗin farko ya tabbata, ba za a ko kalli na biyu ba, kamar yadda na saba. Na gwada da 'yan sunayen makiyayan ƙaramar hukumar Gwiwa, kafin in ɗaga yatsa amsa ta fito.

Ranar kasuwar Babura muka fita da ita, bayan an zuba sunayen makiyayan ƙananan hukumomi huɗu. Wani dattijo makiyayi ya miƙo katinsa, na buga lambar. Shiru. Layi ya miƙe har bakin kara inda ake sayar da shanu, rana ta take.

"Ɗana, ko ta manta da ni ne?"

"A'a Baba, yanzu za ta kawo."

Ba ta kawo ba sai da gumi ya jiƙa mini riga.

Na koma gefe na kira malamar da ta koya mana darasin rumbun bayanai, 'yar Roni ce, na karanta mata umarnin.

"Wa ya ce maka daga hagu zuwa dama rumbun yake karantawa?" ta tambaya. "Bai yi maka wannan alkawarin ba. Hanya ɗaya ya tsara wadda za ta yi wa kowane irin bincike, shi ya sa ya ajiye fihirisar da ke kai shi kan lamba kai tsaye, yake bin sunayen ɗaya bayan ɗaya."

"Malama, duka? Don kati ɗaya?"

"Duka, kowane lokaci."

Ashe wata uku ina alfahari da abin da ban fahimta ba.

A kan bencin mai shayi na raba umarnin, kowane gurbi da nasa, wanda aka cike kaɗai ake tambaya. Na sake buga lambar dattijon, nan take ta fito. Na kira na gaba, kuma sai bayan la'asar muka sallami na ƙarshe.