Ranar da na ɗaga kai na kalli koci

Ko an tashe ni daga barci aka tambaye ni ranar da ta fi tsaya mini a rai cikin zamana a Alƙahira, zan ce wata Talata ce a filin ƙwallon kwando. Ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah.

Karatu ne ya kai ni Masar, jim kaɗan bayan juyin juya halinsu. Da yake na buga ƙwallon kwando a Kaduna, wani aboki ya haɗa ni da wani kulob da ke kusa da unguwar Madinat Nasr, suka ɗauke ni mataimakin koci kuma tafinta. Kocin Bature ne daga gabashin Turai, dattijo mai zafin rai amma ya san aikinsa. 'Yan wasan kuwa yawancinsu Misirawa ne, sai Ba'amurke ɗaya, 'yan Sudan ta Kudu biyu da ke zuwa daga unguwar Hadayek el-Maadi, da wani dogon Bahaushe ɗan Damagaram wanda ba ya jin Larabci ko Turanci sai Hausa da Faransanci. Ya bar matarsa da jaririyarsu a gida, kuma takardar zamansa a ƙasar tana rataye ne da kwantiraginsa.

Tun zuwansa koci ya tsane shi. Duk lokacin da ya tsaya yana masa gyara, ɗan Damagaram sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Koci ya yi ta ihu yana nuna idanunsa da yatsu biyu, shi kuma ya ƙara sunkuyawa. Na san abin da ke faruwa sarai, amma na yi shiru. Yau in na tuna, kunya nake ji, domin tsoron rasa aikina ne ya rufe mini baki.

A ranar Talatar, ana tsakiyar atisaye, koci ya jefar da allon da yake zana dabaru a kai, ya juyo gare ni ya ce in gaya wa mutumin nan ya kwashe kayansa, ba ya aiki da mai raina shi. Ɗan Damagaram bai ji Turancin ba, amma ya gane. Ya matso kusa da ni a hankali.

"Yaya, me na yi masa? Wallahi ko mahaifina ban girmama kamar yadda nake girmama shi ba."

Na juya, na ɗaga kai na kalli koci cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa ba zan fassara wannan ba sai ya saurare ni. Na bayyana masa cewa a wajenmu, wanda ya zuba wa babba ido yana magana shi ne marar tarbiyya, kuma wannan sunkuyawar ita ce iyakar ladabin da mutumin ya sani. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin na kalle shi tun da muka fara aiki.

Har na fara tunanin yadda zan nemi wani aikin. Sai koci ya ce, "Kai na ɗauka tsorona kake ji. Shi kuwa na ga ya yi girman da ba zai ji tsoron kowa ba."

Ya tsayar da atisayen, ya ce kowa ya zauna a ƙasa. Ya ce a garinsu wanda ya ƙi kallonka, ko maƙaryaci ne ko ya raina ka. Sai kyaftin ɗinmu, Bamisire, ya yi dariya ya ce shi ma ya daɗe da riƙe ɗan Damagaram a zuciya, don ya taɓa miƙa masa koshari, abincinsu na shinkafa da taliya, ya ce ya ƙoshi. Na ce ai da ya ƙara yi masa tayi sau biyu, da ya ga yadda ake cin abinci. Ba'amurken ya ce shi wata guda ya yi yana zaton Misirawa faɗa suke yi, ashe hira ce. Kyaftin ya tashi ya sumbaci ɗan Damagaram a ka ya ce, "Ma'alish, ɗan'uwa. Khalas," wato ya yi haƙuri, magana ta wuce.

Koci bai tilasta masa kallonsa ba. Daga ranar, in zai yi masa gyara, sai ya tsaya a gefensa kafaɗa da kafaɗa, su biyun suna kallon allo. Wasan da muka buga a ƙarshen makon an ci mu, amma a karon farko na ga Misirawan suna nemansa da ƙwallo a ƙarƙashin kwando. Da kakar ta ƙare, kocin da kansa ya je ofis ya ce a sabunta masa kwantiragi. Shekara ta zagayo ɗan Damagaram ya kawo matarsa da 'yarsa.

Yanzu ni ma ina horar da ƙungiya a gida, kuma 'yan wasana ba yare ɗaya suke ji ba. Abin da na koya shi ne, kafin in yanke wa mutum hukunci a kan ɗabi'arsa, in tambaye shi abin da take nufi a gidansu. Kuma duk wanda ya fahimci ɓangarori biyu ya yi shiru, yana da hannu a zaluncin da zai biyo baya.