Daga Kwarbai Zuwa Duwatsun Bayan Saminaka a Kan Mashin

Ana sallame sallar asuba muka tashi, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Turo mashin ɗina na yi daga zaure, ban tayar da shi ba sai da na fita daga lungunmu na Kwarbai a cikin birnin Zariya, saboda akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta taɓa aiko mini cewa in dai ba jirgin sama na saya ba, to in rage masa murya. A Ƙofar Doka na tarar da abokan tafiyata biyu suna jira. Ɗaya dattijo ne bakanike, ya haura sittin, shi ya koya mini tuƙi tun ina saurayi, kuma har yau in mashin ɗina ya yi tari wajensa nake kai shi. Ɗayan tela ne sa'ana, mai aikin manyan riguna, wanda in ya hau mashin sai ka rantse ba shi ne mai wuni a zaune kan wuyan riga ɗaya ba.

Ga waɗanda ba su san halinmu ba, hanya mai lanƙwasa muka fita nema. Ƙasarmu ta nan kusa shimfiɗaɗɗiya ce. Ko ta Kano ka kama, ko ta Kaduna, ko ta Funtuwa, a miƙe take sambal, sai ka yi ta riƙon totur har hannunka ya sage, manyan motoci suna hura maka hayaƙi. Mu kuwa kwana muke so. Ka rage giya, ka kwantar da mashin, ka ji taya ta kama kwalta, ka fito ka ɗago, kafin ka gama ɗagowa wata kwanar ta tarye ka ta ɗaya hannun. A cikin birni lungunanmu ne kaɗai suke da irin wannan, su kuma awaki da 'yan ga-ruwa ba za su bar ka ba. Telan ya yi makonni yana leƙen taswirar wayarsa, har ya gano wata 'yar hanya a bayan Saminaka wadda ta hau duwatsu tana murɗewa kamar zaren da ya warware ya faɗi ƙasa. Da ya nuna wa dattijon sai ya ce masa taswira ba ta nuna rami, ba ta kuma nuna mugun mutum. Bai yarda ba sai da ya buga wa wani tsohon yaron shagonsa, wanda yanzu magidanci ne mai nasa garejin a Saminaka. Shi ya tabbatar mana hanyar lafiya lau take da rana, amma mu sauko kafin la'asar.

Mun bi ta Dakace, muka haye gadar Galma gari bai gama wayewa ba. Ƙarshen damina ne, ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta bushe ba, raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando. Dawa ta fitar da kai, gonakin rake sun yi duhu a bakin fadama. A Soba muka tsaya karin kumallo wajen wata mai koko da ƙosai. Ƙosanta manya ne, sun ji albasa da attarugu, telan ya ci har dattijon ya tuna masa cewa taya ma tana da iyakar abin da take ɗauka.

Daga Dutsen Wai ƙasa ta fara canja fuska. Duwatsu suka fara leƙowa ta bayan gonaki, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su. Hanyar kuwa akwai inda ta yi kyau, akwai inda sai ka zaɓi ramin da ya fi sauƙi ka faɗa. A Pambeguwa muka ƙara mai a wajen 'yan bumburutu, farashin ya ɗara na Zariya. Da na yi ƙorafi sai mai sayarwar ya ce ai man ma sai da ya biya kuɗin mota kafin ya iso nan. A wani shinge kuma jami'in da ya duba takardunmu ya kalli furfurar dattijon a ƙarƙashin hular kwano, ya ce, “Baba, da girmanka kake bin waɗannan?” Dattijon ya ce, “Su suke bina.”

Da hantsi muka shiga Saminaka. Garin masara ne, ko'ina ka duba buhuna ne a jibge da manyan motoci ana lodi. Mai garejin ya tarbe mu da ruwan sanyi, ya raka mu har inda hanyar ta ratse, ya ce mu yi hattara da yashin da ruwa yake tarawa a cikin kwana.

To, jama'a, telan bai yi ƙarya ba. Da farko hanyar ta bi ta cikin gonaki a hankali, sai ta fara hawa. Tsohuwar kwalta ce siririya, wani wurin ta ɓare sai jan burji. Ta zagaya ƙugun dutse ta dama, ta komo ta hagu, ta nutsa cikin wani rafi mai inuwar itatuwa inda iska ta yi sanyi farat ɗaya, ta sake fitowa tana hawa. Dattijon ne a gaba a kan tsohon mashin ɗinsa, ni ina biye. Kallonsa kaɗai karatu ne. Ba ya taɓa birki a tsakiyar kwana, duk abin da zai rage ya rage tun kafin ya shiga, kansa kuma kullum yana juye wajen da zai fita. Ba ya sauri, amma ba ka iya cim masa. Telan shi ne ya manta da maganar yashi, ya shiga wata kwana da zafinsa, ya zarce cikin gonar dawa. Bai ji ciwo ba, ya fito da ganye a hula yana cewa dama so yake ya duba ko ta nuna.

Ni dai na daɗe ban ji irin wannan daɗin ba. Malamin makaranta ne ni, mako guda ina tsaye gaban allo, kaina cike da surutun aji da hidimar gida. A kan wannan hanyar duk suka fita, ba abin da ya rage sai kwanar da ke gabana.

A can sama akwai ƙauye, gidaje a tsakanin duwatsu, da coci da masallaci ba nisa tsakaninsu. Daga bakin dutsen ana hango gonakin Saminaka a shimfiɗe har iyakar gani. Muka yi azahar, muka ci gwaten acca mai yakuwa a rumfar wata mata, gwaten da zafinsa, da ɗan tsami, irin wanda ke sa gumi ya karyo maka. Muka ɗauki hotuna, muka juyo.

Ba mu yi nisa da gangarowa ba muka tarar da mashin ɗin acaɓa a gefen hanya, sarƙarsa ta tsinke tana jan ƙasa. Ɗan acaɓan yana tsugune a kanta, hannu duk baƙin mai. A gefe wani mutum ne zaune a ƙasa, zai yi shekara arba'in da wani abu, ya miƙe ƙafarsa ta dama wadda ta kumbura har gwiwa, ƙanensa yana riƙe da kafaɗunsa. Ƙanen ya ce tun da safe maciji ya sare shi yana ɗaga karan masara, gobe-da-nisa ce, sun gan ta. An yi maganin gida bai yi ba, shi ne suka ɗauko shi zuwa asibiti. Muna tsaye mutumin ya tofar da yawu, na ga jini a ciki.

Dattijon ya dubi sarƙar, ya dubi mutumin, ya ce gyaran zai ɗauki lokacin da ba mu da shi. Mashin ɗina ne ya fi faɗin kujera, don haka ni zan ɗauke su, telan ya wuce gaba yana hon saboda masu tahowa, shi kuma zai tsaya ya haɗa sarƙar. Aka ɗora mutumin a bayana, ƙanen ya hau ƙarshe ya rungume mu duka biyu. Kafin in ja, dattijon ya dafa hannuna.

“Malam, ba gudu na ce ka yi ba,” ya ce. “Kai shi za ka yi.”

Hanyar nan dai ita ce wadda na hau ɗazu ina murmushi a cikin hula. Yanzu mu uku ne a kai, ga gangara, ga nauyin da ba ya bin jikina. In na kwanta dama sai marar lafiyan ya zame hagu. Dole na riƙa shiga kowace kwana a tsaye, a giya ta biyu, ƙafata a kan birkin baya. Goshinsa yana jingine a bayana, zafinsa yana ratsa rigata. Duk kwanar da na fita sai in ce ita ce ta ƙarshe, sai wata ta ɓullo. Da hawa ban san suna da yawa haka ba. A wajen rafin nan mai inuwa na ji jikinsa ya saki, na kira shi bai amsa ba, sai ƙanen ya yi masa magana da yarensu da ƙarfi, ya yi nishi. Ƙanen ya ce da ni, “Yi haƙuri, Malam, saura kaɗan. Duk wanda ya kwanta ciwo a garinmu ta nan ake sauko da shi. Matata ma a bakin rafin nan ta haihu, ba mu kai ba.”

A gindin dutsen akwai ƙaramin ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar da muka samu ba ta ɓata mana lokaci ba, ta duba dasashinsa, ta ce ba ta da allurar saran maciji, mu wuce babban asibitin Saminaka yanzu, ta rubuta 'yar takarda ta ba ƙanen. Daga nan hanya ta miƙe, kuma ban taɓa jin daɗin ganin miƙaƙƙiyar hanya kamar ranar ba. Muna isa aka zo da gadon turawa aka shiga da shi. Da na sauka sai na zauna a kan dakali. Telan ya kawo mini ruwa ya zauna kusa da ni.

Bayan la'asar dattijon ya iso tare da ɗan acaɓan. Ashe yana da guntun mahaɗin sarƙa a aljihun jakarsa, ya ce shekara da shekaru yana yawo da shi bai taɓa buƙatarsa ba. Rana ta riga ta yi sanyi, ba mu son dare ya same mu a hanya, sai muka kwana a gidan mai garejin. Matarsa ta yi mana tuwon masara miyar kuɓewa ɗanya.

Da safe muka biya asibitin kafin mu kama hanya. Mun same shi a zaune an jingina shi da filo, ƙafar tana nan a kumbure, amma an yi masa allurar, jinin ya tsaya. Ƙanen ya nuna ni ya ce masa ga wanda ya sauko da shi. Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya tambaya, da muryar da ba ta gama dawowa ba, wa muka zo gani a garinsu, ko muna da 'yan'uwa a can ne. Na ji nauyin in ce masa wasa ne ya kawo mu. Dattijon ne ya amsa.

“Hanyarku muka zo gani.”

Mutumin ya gyaɗa kai. “To, kun gan ta,” ya ce.

Komowa ba mu yi sauri ba. Mun tsaya a Pambeguwa mun sha fura, muka sayi rake a Soba muka ɗaure a baya saboda yara. Azahar ta yi mana a Ƙofar Doka, inda muka yi sallama kowa ya nufi unguwarsu. Ranar Laraba ƙanen ya kira ni ya ce an sallame su, yayansa yana takawa da sanda.

Masu tambayata ko hanyar ta kai a je, ta kai. Ban taɓa hawa wadda ta fi ta daɗi ba, kuma ba zan ce na daina son kwana ba, don ƙarya zan yi. Wanda zai je ya tambayi mutanen wurin kafin ya hau, ya cika tanki, ya sa hular kwano, ya riƙe 'yan kayan gyara ko da yana ganin ba zai buƙace su ba. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne, mu mun yi makonni muna neman wannan hanyar a waya, mun ƙona mai mun je don mu ji daɗinta na wuni ɗaya, alhali akwai mutanen da ita ce tsakaninsu da likita, da za a ba su zaɓi da sun miƙar da ita tun tuni. In Allah ya sa na sake hawanta, zan hau a hankali, in gaida duk wanda na wuce, in kuma na ga mashin a tsaye a gefe zan tsaya in tambaya ko lafiya.