Yadda Na Kawo Santambul Unguwar Fezzan

Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar masaukina a Fagge, da jaka ɗaya da wani gwangwani mai tsawon kamu biyu. A cikinsa akwai zanen birnin Santambul da na sayo wa yayana Ba Kura. Tun muna yara yake cewa kakanmu ya taɓa zuwa can, shi kuwa yanzu ƙafa ba ta kai shi ko bakin titi. Na yi masa alkawarin kawo masa garin har ɗaki.

Zanen tsoho ne. Wani Bafaranshe ne ya hau hasumiya a zamanin Daular Usmaniyya ya zana garin kaf, aka sassaƙa a farantin tagulla a Turai, aka buga, aka dawo aka sayar wa Turkawa. Na ce wa mai kantin da ya sayar min a Santambul, da Larabci, haka muke da fata: ta tafi ɗanya, ta dawo takalmi.

A tasha direban fijo ya ce a jefa gwangwanin a but, kan buhunan albasa.

Na ce, "Akwai masallatai a ciki."

Ya janye hannu. "Nawa?"

"Na kai sha ɗaya na gaji."

"To Baba, sai dai ka saya masa kujera."

Haka Santambul ta zauna gaba kusa da taga, ni da na tsallaka teku dominta na matsu a baya.

Potiskum

Sha ɗaya da rabi muka tsaya cin abinci. Tuwo da miyar kuka sule biyar. Na ci shinkafar Alkahira da burodin Marsel ta Faransa, babu wanda ya zauna min a ciki kamarsa. Wata malamar makaranta 'yar Biu da muke mota ɗaya, Malama Saratu, ta tambaye ni ko baƙon gaba azumi yake.

Beni Sheik

Uku da minti goma muka tarar da shingen soja. Saje ya ƙwanƙwasa gwangwanin ya ce a buɗe. Tsawon zanen kamu takwas ne, sai da fasinja huɗu suka jeru a gefen kwalta suna riƙe da shi.

Ya bi shi daga wannan baki zuwa wancan. "Ga ganuwa, ga igwa, ga jiragen ruwa. Tsoho, wa ya aiko ka?"

Don in wanke kaina na karanta masa Faransancin da ke ƙasa. Nan na ɓata lamarin.

"Har da yaren Chadi. Wannan takarda bariki za ta."

Na san takardun da ke zuwa bariki, a hannun mai ƙosai suke ƙarewa. Na roƙe shi da Hausa, na koma Kanuri, bai ko dube ni ba. Sai Malama Saratu, wadda ke riƙe da ɓangaren ƙofar gari, ta ce, "Ofisa, zo ka ga ɗan'uwanka."

Wani ɗan mutum ne a cikin zanen kamar ƙwayar gero, da doguwar hula da sanda, ya tare raƙumi a ƙofa, mai raƙumin na kwance kaya.

Saje ya daɗe yana kallo. "Shekara nawa da wannan?"

Na ce, "Ta fi ɗari biyu."

Ya kira kofur. "Kai, duba nan. Aikinmu ba na jiya ba ne." Da kansa ya naɗe zanen, ya ce direba ya tafi a hankali.

Maiduguri

Bayan la'asar na iso Fezzan. Bangon ɗakin Ba Kura kamu biyar ne, dole zanen ya sha kwana. Mashigin ruwan da ya raba garin biyu ya faɗa daidai kusurwa: Turai ta tsaya wajen ƙofa, Asiya ta koma kan gadonsa. Ya sa tabarau ya bi gidajen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya kan wata taga.

"Nan kaka ya sauka."

"Ya aka yi ka sani, Yaya?"

"Kusa da kasuwa ce. Ka taɓa jin ɗan gidanmu ya sauka nesa da kasuwa?"

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malama Saratu, da kuma ɗan dogarin nan mai sanda, wanda har yau bai saki raƙumin ba.