Mai Lamba Tara da Kazar Mai Ɗori

Ƙarar kaset ɗin nake fara ji duk lokacin da na tuna daminar nan. Wani irin kuka ne mai tsini, kamar an tara gyare ɗari cikin gwangwani an rufe. Sai ya ɗauki kusan minti biyar yana yi, talabijin ɗinmu baƙi-da-fari yana ta zane-zane a gefe, kafin wasan ya buɗe. In wani ya bugi tebur, a koma farko. Inna kan ɗaga murya daga tsakar gida ta ce, "Ku dai kashe muna kunnuwa ku huta."

Na'urar kwamfutar da ke buɗe wasan ta Kawu ce, ƙanen Inna. Ya zo da ita daga karatu a Ingila, ya bar mana da aka tura shi aiki Sakkwato. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi littafin makaranta ba, maɓallanta masu laushi kamar roba. Ana haɗa ta da talabijin, a haɗa da rikodar Baba. Lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, muna zaune a Badariya, kuma ban san wani gida a layinmu mai irinta ba.

A wasan da yayana ya fi so, ba kai ke buga ƙwallon ba. Kai ne koci. Kai za ka zaɓi mutum sha ɗaya, ka duba wa ya gaji, wa ya ji ciwo, wa ya kamata a sayar, sannan ka danna maɓalli ka naɗe hannu kana kallon wasu 'yan tsirarun mutane kamar tsinken ashana suna guje-guje. In an gama sai ka naɗi inda ka tsaya a wani kaset na dabam, in ba haka ba komai ya tafi da an kashe na'urar. Yaya ya yi kakar wasa biyu yana jan wata ƙungiya, ya hau da ita daga rukunin ƙasa zuwa na sama da shi. Ni dai ina zama bayansa da littafina a buɗe, ina yi kamar karatu nake.

Ana saura kwana kaɗan a ba mu dogon hutu, aka shigo da Yaya a hannu daga filin unguwa. Shi ne mai buga gaba a ƙungiyar samarin layinmu, kuma ranar wani ya shigo masa ta baya a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙafar dama ta karye ƙasa da gwiwa. Baba ya so asibiti, Kaka ta aiko daga Argungu cewa a kai mata shi, akwai mai ɗorin da ta yarda da hannunsa. Kaka ce ta yi nasara.

An shimfiɗa shi a bayan mota, gumi ya wanke masa fuska, sai ya yafuto ni. Na ɗauka addu'a zai nema.

"Kaset na nan ƙarƙashin katifata," ya ce. "Wasa takwas sunka rage. Muna na uku daga ƙasa, kuma biyu na ƙarshe su ka faɗuwa. Kak ki bari ta faɗi."

"Yaya, ban iya ba."

"Kin iya. Ina ganin ki, shafi guda kike kallo tun bara."

Haka na zama koci ina da shekara goma sha biyar.

Wasan farko an ci mu biyu ba ko ɗaya. Na biyu na ci, na tashi ina tsalle ni kaɗai a falo, kafin in naɗa aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita washegari na sake bugawa, aka tashi canjaras. Daga ranar na koyi duba sama kafin in kunna na'ura, domin a unguwarmu da hadari ya haɗu wuta ke tafiya. Na mai da lokacina bayan azahar, sa'ad da Baba bai dawo daga ofis ba kuma rikodar ba ta da mai nema.

Ban ɗauki 'yan wasan nan a matsayin lambobi ba, ko da yake lambobi ne kawai a allo. Mai tsaron gida na ba shi mata da 'ya'ya biyu da wani gida mai jan bulo a garin da kullum ake yayyafi. Wani ɗan baya na yanke cewa maraya ne, mai shiru-shiru. In na ga ƙarfin mutum ya yi ƙasa sai in ji kamar na ga idonsa ya faɗa, in zaunar da shi ya huta, ko da shi ne gwani. Ashe wannan tausayin ba laifi ba ne a wasan, don wanda ya huta yakan dawo da ƙarfi. Amma ni ba dabara ce ta sa ni ba.

A wasa na uku aka sa wa mai lamba tara alamar ciwo a gefen sunansa. Shi ne mai ci mana ƙwallo. Na zauna ina kallon alamar nan har talabijin ya yi zafi.

Akwai wani direba maƙwabcinmu da ke jigilar Birnin Kebbi zuwa Argungu kullum, shi ke kai wa Kaka saƙo ya kawo nata. Na rubuta wa Yaya takarda na ba shi. Bayan kwana biyu amsa ta zo cikin ƙunshin busasshen kifin da Kaka ta aiko, takardar duk ta sha mai tana ƙamshin hayaƙi. Layi uku ne. "Ki sayar da shi yanzu tun yana da daraja. Ki sayi wani mai lafiya. Ƙungiya ba ta jiran gurgu."

Na karanta, na ninke, na sa cikin littafina. Ban taɓa jin Yaya ya kira wani gurgu ba.

Ranar Asabar muka tafi dubiya da Inna. Hanya duk kore, fadama ta cika da ruwa, shinkafa ta fara tasowa, farin balbela na bin shanu. Mun same shi a ɗakin Kaka kan tabarma, an jera wa ƙafar kara an ɗaure da tsumma, ɗakin na warin man shanu da wani ganye mai ɗaci. Ya rame. A lungu kusa da randa na ga wata jar kaza a kwance cikin kwando, ita ma an ɗaure mata ƙafa da 'yan tsinke.

"Kaka, mi ya sami kazar?"

"Ta maigidana ce," in ji Kaka, haka take kiran Yaya. "Mai ɗori ya karya tata ranar da ya ɗora tashi. Ranar da kinka ga ta taka, to shi ma ya kusa. Ga su nan, shi kwance ita kwance, ni ka yi musu bauta su biyu. Ita ko godiya tana yi, shi sai tsaki."

"Ke kinka ce a kawo ni," in ji Yaya.

"Awo, ni na ce. In na bar ka can wa za ya auri tsohuwa?"

Inna ta yi dariya. Yaya bai yi ba. Da suka fita tsakar gida ya juyo gare ni.

"Kin sai da shi?"

"Ban samu wuta ba," na ce. Rabin gaskiya ce.

"In kin koma ki sai da shi."

Na ce to. Amma idona na kan kazar nan, tana numfashi a hankali, tana kallona da ido ɗaya. A mota muna dawowa na jingina da taga, wani tunani ya zauna mini daram: mai ɗori yana da kazarsa, ni ma ina da tawa. In na sayar da mai lamba tara yana kwance, kamar na ce ƙafar Yaya ba za ta ɗoru ba. Na san babu hankali a ciki. Na yi karatun kimiyya a makaranta, na san ƙashi ba ya jin labarin kaset. Duk da haka da na isa gida na buɗe wurin sayar da 'yan wasa, na ɗora yatsa a kan maɓalli, sai na janye.

Abin ya ci mu. Wasa biyu a jere ba mu zura ko ɗaya ba, muka gangara na biyu daga ƙasa, inda ake faɗuwa. Na daina jin daɗin tuwo. Direba ya kawo wata takardar mai warin kifi, tambaya ɗaya a ciki: "Wa kika saya?" Na amsa da labarin ruwan da aka yi da yadda katangar maƙwabta ta zube. Ga alƙawarin da na ɗauka a bakin mota, ga umarnin da na ƙi bi, kuma in ƙungiyar ta faɗi, kowa zai san wanne ne ya jawo.

Tunda ba ni da mai ci, sai na koma hana a ci mu. Na tara mutane a baya, na sa marayan nan a tsakiyarsu. Aka yi canjaras. Wasa na gaba muka ci ɗaya da wata ƙwallo da ban ma ga yadda ta shiga ba. Saura wasa ɗaya, maki ɗaya tsakaninmu da ƙungiyar da ke samanmu. Dole mu ci, ita kuma ta kasa.

Ranar da na kunna don wasan ƙarshe, kaset ya gama kukansa, sunaye suka fito, sai na ga babu alamar ciwo a gefen mai lamba tara. Na matsa kusa da allo na sake dubawa. Na tashi na fita tsakar gida ba tare da wani dalili ba, na sha ruwa a randa, sai na hangi gabas ta yi baƙi.

"Hadari na," in ji Inna tana kwashe shanya. "In za ki yi abinki ki yi."

Na sa shi a gaba. Sau biyu ɗan tsinken nan ya tunkari raga, sau biyu ya harba waje. Iska ta fara kaɗa labule, ƙofar kicin na bugawa. Can sai ga ƙwallo a raga, aka rubuta sunan wanda ya ci, marayan nan ne, da bai taɓa ci ba tun da na san shi. Sauran wasan ban zauna ba. Da aka tashi, sakamakon sauran ƙungiyoyi ya riƙa fitowa layi-layi, sannan teburin maki. Mun koma na uku daga ƙasa, daidai inda Yaya ya bar mu.

Ban yi ihu ba, don ban naɗa ba tukuna. Na sa kaset, na danna maɓallai biyu na rikoda tare. Inna ta shigo da kaya a kafaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta motsa ba, ita da kullum ke ƙorafin ƙarar. Kukan ya yi ta yi, ya yi ta yi, ya tsaya. Na juya kaset na sake naɗa a ɗaya gefen. Ban fi minti uku da gamawa ba wuta ta tafi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya a kan kwano. Na kwanta a siminti na miƙe ƙafafu, sanyinsa na ratsa bayana, ina jin ƙamshin ƙasa yana shigowa ta taga.

"An tsira?" in ji Inna.

"An tsira."

"To, Alhamdu lillahi. Tashi ki tara muna ruwa."

Ranar na ci tuwo malmala biyu.

Bayan mako biyu Yaya ya dawo yana dogara sanda. Direba ya sauke jakarsa, ya sauke wani kwali mai huji, jar kazar nan ta leƙo. Kaka ta ce a ba shi abarsa, ta gaji da ciyar da ita. Aka sake ta a tsakar gida, ta taka tana ɗan ɗingishi, ta nufi wurin tsaki kamar a nan aka haife ta.

Ko ruwa bai sha ba ya ce in kunna. Muka zauna muna jin kukan kaset. Teburi ya fito, ya daɗe yana kallo, ya sauke numfashi. Sannan ya buɗe jerin sunaye. Na ga inda idonsa ya tsaya.

"Na ce ki sai da shi."

"Ka ce."

"Ya ci a wasan ƙarshe?"

"Bai ci ba. Sau biyu ya zubar."

Ya murza kan sandarsa. Na shirya jin faɗa. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda ban ji ba tun kafin karayar.

"Ragon banza," ya ce. "Bar shi nan."

Ya ja sabuwar kaka da shi a gaba, kuma har na'urar ta lalace bayan shekara biyu bai sayar da shi ba. Ƙafar ta ɗoru. Yana tafiya lafiya, sai in ya gaji ne za ka lura. Kazar kuwa Inna ta hana a yanka ta, ta yi ta ƙyanƙyasa har ta tsufa.

Na yi aure, na haifi 'yata ta biyu, Inna ta zo mini wankan jego, muna hira wata rana da hantsi labarin ya faɗo. A nan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ranar da direba ya kai wa Yaya takardata ta farko, ya haɗa masa da wani labari daga unguwa, a matsayin hira kawai: samarin layinmu sun ba wani yaro rigarsa ta ƙwallo, kwana tara da karayar. A bayan takardata Yaya ya rubuta amsar nan, direba na tsaye yana jira.