Sunan Ɗan Fari a Kan Allo

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Talata, bayan an idar da La'asar, na buɗe karatun manya a Bande. Wurin wata rumfar zana ce a bayan lakwal, wato makarantar boko, dab da rijiya. Waɗanda ke nan su ne: ni, da diraktan lakwal wanda ya tsaya minti biyar ya tafi, da gardi guda da kumandan Magarya ya aiko ya gani da idonsa, da magidanta goma sha ɗaya a kan tabarmi. Zamanin Faransa ne, saura 'yan shekaru su tafi, ko da yake a lokacin babu wanda ya san haka a cikinmu.

Ni ba babban mushe ba ne, yadda ake ce wa malamin lakwal. Shekara shida na yi a lakwal ɗin Magarya, na samu sartifika, aka ce da safe in koyar da ƙaramin aji, da yamma in ji da manya. Takardar da ta zo daga sama ta ce Faransanci za a koya musu. Na gwada kwana uku. Da na ga masu furfura suna maimaita abin da ba su san ma'anarsa ba, sai na koma Hausa da baƙaƙen boko, irin na 'yan takardun da fatake ke shigowa da su daga tsallaken iyaka. Dirakta ya sani, ya kau da kai. Gardi kuwa bai sake leƙo mu ba.

Na raba karatun mataki shida, na rubuta su a kwali na rataye a jikin dirka. Na farko, riƙon alli. Na biyu, baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Na uku, haɗa su. Na huɗu, sunanka. Na biyar, sunayen 'ya'yanka, daga babba zuwa ƙarami. Na shida, wasiƙa. Dokoki uku ne a ƙasa: ba a cin goro cikin rumfa, wanda ya yi fashin kwana bakwai a jere an soke sunansa, kuma ba a tsallake mataki. Abin da mutum ya rubuta a allo, sai ya miƙe ya karanta kowa ya ji. Ina alfahari da kwalin nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Har yau in na tuna rumfar nan sai in ji ƙarar guga a bakin rijiya, da dakan mata daga cikin gari, da ƙiƙir-ƙiƙir ɗin alli a hannun mutanen da suka saba da kalmen noma. An gama kaka, an kai gyaɗa, mutane suna da sarari har faɗuwar ruwa. Alli ya karye a makon farko fiye da wanda yara ke karyawa a wata guda. Ina faɗa, suna cewa, "Yi haƙuri, Mushe," alhali ƙaraminsu ya girme ni da shekara goma.

Mutum biyu ne wannan labari ya shafa. Ɗaya wani dattijo ne Bafillace, daga wata ruga ta wajen hanyar Ƙwaya, mai shanu kuma mai gonar hatsi. Da ƙafa yake zuwa, kuma bai taɓa makara ba. Ɗayan wani Babarbare ne mai sayar da kanwa a kasuwa, mai ƙiba, mai yawan magana. Abokan wasa ne, kullum gefe guda suke zama.

"Kai Bafillace, wannan ba sandar kiwo ba ce," in ji Babarbaren. "Sassauta masa, ba zai gudu ba."

"Bawana, rufe baki, ubangidanka na karatu."

"Wane karatu? Wannan abin da ka zana ai ƙahon bajimi ne."

"Ya fi naka. Naka kamar kaza ta bi ta kan kanwa."

Ina tsawata musu, amma gaskiya dattijon ya fi kowa hannu. A hankali yake tafiya, ba ya maimaita kuskure. Shi ya fara gama mataki na huɗu. Ranar da ya rubuta sunansa, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaye ni, "Mushe, na shidan nan, yaushe za mu kai?" Na ce bayan na biyar. Ban tambaye shi abin da ya sa yake gaggawa ba.

Ranar mataki na biyar na bi su ɗaya ɗaya. Da na zo kansa sai na ga sunaye uku, tsaf da su, amma ya bar fili a sama, faɗin yatsa biyu.

Na ce, "Baba, 'ya'yanka nawa?"

"Alhamdu lillahi."

"Saman nan fa? Wa ke nan?"

"Mushe, wuce nan."

"Ba a wucewa. Daga babba ake farawa."

Ni Bahaushe ne, na san kunyar ɗan fari. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. Amma a lokacin ina ganin wannan abin gida ne, a bakin rumfa yake tsayawa tare da takalma. Shekarun lakwal sun sa mini wannan tunani, ni kuma na riƙe shi da ƙarfi.

Na ce, "Rubutu ba magana ba ne, Baba. Ban ce ka kira shi ba, cewa na yi ka rubuta."

"In na rubuta, ai sai ka ce in miƙe in karanta."

"Haka doka take."

"To."

Na ƙara da cewa wanda bai gama na biyar ba, ba zai shiga na shida ba. A gaban mutane na faɗa, da murya sama. Ya goge allon da hannun rigarsa, ya ɗora allin a kai, ya ɗauki malafarsa da sandarsa, ya yi sallama, ya fita. Babarbaren bai yi masa tsiya ba, kuma wannan ne karo na farko.

Kowace yamma ina kiran suna, ina sa masa alamar fashi. A rana ta shida, da aka tashi, Babarbaren ya ƙi tafiya. Ya ciro goro ya ɓare a cikin rumfata, yana kallona.

Na ce, "Ka san doka."

"Na sani. Soke ni tare da shi gobe, ka huta. Mushe, kai yaro ne, zauna in gaya maka abin da kwalinka bai sani ba."

Na zauna. Ga abin da ya gaya mini, bi da bi. Shekarun baya an zo ɗibar soja, aka ce gidan dattijon ya ba da mutum guda. Ɗan farin aka ɗauka, wanda ya taɓa yin lakwal shekara uku kafin a mayar da shi kiwo. Ranar tafiya uban bai raka shi ba, bai ma fito daga cikin shanu ba, don ba a yin haka a gaban mutane. Tun daga nan in wasiƙa ta zo, sai ya tafi Magarya wurin mai rubutu da ke zama a ƙofar gidan waya, a karanta masa, a rubuta amsa. Wurin kuwa kullum cike yake, kowa na jin na kowa. To me zai ce a gaban jama'a? Sai dai, a gaida mutanen can, shanu lafiya, an yi ruwa. Shekara da shekaru ke nan.

"Wasiƙar ƙarshe ina tsaye aka karanta," in ji Babarbaren. "Yaron ya ce lokacinsa zai cika cikin damina. Ya ce ya ga babu mai bukatarsa a gida, tunda ko sau ɗaya ba a ce ya dawo ba, saboda haka zai sake sa hannu ya zauna can. Mai rubutu ya ce, me za a amsa? Wannan Bafillacen naka ya ce, a gaida mutanen can. Muka kamo hanyar Bande. Da aka yi shelar karatunka shi ya fara zuwa wurina ya ce in raka shi. Ni me zan yi da boko? Kanwa ba ta karatu."

Na ce, "Me ya hana shi gaya mini?"

"Ya gaya maka? Mutumin da ba ya iya faɗin sunan, shi zai zauna ya ba ka labari? Takarda yake so wadda babu kunnen kowa a kanta. Kai kuma ka tsaya masa a ƙofa."

Washegari ta kama Alhamis, babu lakwal. Da hantsi na kama hanyar rugar. Na same shi yana gyaran igiyar maruƙa. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura da nono. Muka yi maganar shanu, da rijiyar da ta ja baya, da tsadar dusa. Sai da na ga inuwa ta gajarta sannan na ce, "Baba, na sake duba kwalin nan, na ga kuskure. Mataki na biyar ba dole ba ne."

"Ashe takarda ma tana kuskure?"

"Mai takardar dai."

Ya yi murmushi kaɗan, yana ci gaba da murza igiya. Can ya ce, "Na shidan, ana miƙewa a karanta?"

"Ba a miƙewa."

"Kai fa, kana dubawa?"

Wannan ta yi mini nauyi, domin ban taɓa barin rubutun ɗalibi ya fita ban gyara ba. Na ce, "Ba na dubawa."

"To, bawana yana nan yana ɓata maka alli?"

"Yana nan."

"Gobe zan zo in tsare shi."

Ya dawo. Na ba shi kaye, wato littafin rubutu, da alƙalami, na koya masa yadda ake buɗe wasiƙa da yadda ake rufe ta. Abin da ke tsakiya nasa ne. Sai ya ɓullo da wata dabara. Kowace rana yakan tambaye ni kalma ɗaya ko biyu, a warwatse, cikin wasu da ba ruwansu. Yau ya ce, "Mushe, yaya ake rubuta karsana? Yaya ake rubuta haƙuri?" Gobe ya ce, "Rijiya fa? Tsufa fa?" Wata rana ya tambayi gishiri, da hanya, da dawo, a haɗe, yana kallon waje. Ni da nake son komai a jere, sai ga ni ina ba da kalmomi kamar ana watsa wa kaji tsaba. Da na so, da na jera su na gane zancen. Ban jera ba.

Babarbaren yakan leƙa, ya ce, "Me kake ɓoyewa haka? Ko wata ka samu a Sassumburum?"

"Kakarka nake rubuta wa."

Mako uku ya ɗauka. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mutane sun fara sharar gona, rumfa tana raguwa. Wata yamma ya jira kowa ya watse, ya miƙo mini takarda a ninke huɗu, da tsohuwar wasiƙar ɗan, ya nuna bayan ambulan da ɗan yatsa. Na gane. Na kwafi sunan da lambar soja da sunan bariki a kan sabon ambulan, ban furta ba, shi kuma ya juya yana gyara malafa. Na sa takardar a ciki yadda take a ninke, na liƙe a gabansa. Da kansa ya kai Magarya.

Ruwa ya sauka bayan 'yan kwanaki, muka rufe karatu. Kafin kaka aka mayar da ni Dungas, ban sake ganin dattijon ba. A can na sake rubuta kwalin. Mataki na biyar ya zama: rubuta sunaye biyar da ka ga dama, na mutane ko na shanu ko na garuruwa. Na kuma ƙara abu guda kafin na farko, wato in keɓe da kowane sabon ɗalibi in ji abin da ya kawo shi, in ya yarda ya faɗa. Daga baya da mata suka fara zuwa, wannan gyara ya cece ni, don da na ce su rubuta sunan maigida da rumfar ta watse rana ɗaya.

Shekara ta zagayo, ranar kasuwar Dungas, na ji an ce, "Mushe mai kwali!" Babarbaren ne a bayan buhunan kanwa. Bayan gaisuwa na kasa haƙuri, na ce, "Mutuminka fa?"

"Bawana? Yana nan, ya ƙara rama. Wancan ɗin, sojan, ya dawo tun bayan girbi. Ina rugar ranar da ya iso da akwatinsa. Ka san abin da uban ya ce masa? Ya dube shi sau ɗaya, ya ce, jar saniyar nan tana ɗingishi, je ka duba ta. Shi ke nan. Yaron kuwa ya ajiye akwati ya tafi, yana dariya yana share ido."

Na tambaye shi ko ya san abin da ke cikin wasiƙar. Ya ce ya tambaya har ya gaji, daga uban har ɗan babu mai faɗa. Ni ma ban sani ba har yau, kuma ban san kuskure nawa ke cikinta ba.

Yanzu na tsufa, ina jin an buɗe karatun manya a garuruwa da yawa, har da na mata da na iyali. Kai mai karanta wannan, in kana cikin masu koyarwa, ko kana da ɗa ko ƙane a cikinsu, ga roƙona gare ka. Ranar da babban mutum ya ajiye alli ya fita bai ce komai ba, kada ka taɓa sunansa a littafi. Ka bari sai ka taka ka je gidansa, ka zauna, ka sha abin da aka ba ka, ka saurara tukuna.