Kujerar Motar Abbanmu

Cikin duk abubuwan da na gani a rayuwata, akwai guda da na tabbata ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah, wato ranar da na kai kujerun motar Abbanmu ɗinki a Sabon Gari.

Motar tsohuwa ce, ta girme ni, irin mai dogon bakin nan da yanzu sai an tona ake gani. Da ita Abba ya yi ta zuwa aiki a gonar gwaji ta Samaru har ya yi ritaya. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi sai aka jingine ta a gindin mangwaro, ɓeraye suka tare a ciki suka cinye kujerun. Shi kuma ya daina magana, ba don harshen ya mutu duka ba, likita ya ce zuciyarsa ce ta karye. Kullum yana zaune a baranda yana kallon motar. Yayyena suka ce a sayar wa masu gwangwan a huta. Na roƙe su su ba ni wata biyu. Ban san abin da nake nema ba, na dai ga ita kaɗai yake kallo.

Bakanike ya tayar da injin, ya kwance kujerun, ya yi mini kwatancen wani tsoho mai ɗinkin kujerun mota a bayan unguwar PZ. Na same shi a wani ɗan shago mai ƙamshin fata da kakin zuma. Iyayensa daga kudu suka zo, amma Zazzaganci a bakinsa ya fi nawa. Idonsa ɗaya ya yi fari fat, ɗayan ma sai ya kawo abu dab da hanci. Na ce a raina wannan ne zai yanka fatar da na sha wahalar samowa?

Ko kallon fatar bai yi ba. Ya durƙusa gaban kujerar direba, ya zura hannu cikin yagaggen soson, yana taɓa ƙarafan sifirin da ke ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe. Can ya ce, "'Yata, mai motar nan dogo ne ko?"

Na ce, "Dogo ne, Baba."

"Ya taɓa karyewa a ƙugun dama. Tun daga nan yake karkata hagu in ya zauna."

Abba ya faɗo daga tarakta tun ban shiga firamare ba, kuma ko bakaniken bai san wannan ba. Na ce, "Baba, kun san shi ne?"

Ya yi dariya. "Ina zan san shi? Taɓa nan ki ji. Ƙarfen nan ya kwanta, na wancan gefen yana tsaye. Shekaru yana zama a kai, dole ya bar shaida. Yana da rai?"

Na gaya masa halin da ake ciki, na ce ina so a mayar da kujerar sabuwa dal kamar daga kamfani. Ya girgiza kai. "Sauran zan yi miki haka. Wannan kam a'a. In na miƙar da ita, baƙuwa zai tarar."

Sati uku ina zuwa bayan na tashi daga aiki, don na kasa haƙuri. Na ga yadda yake shafa fatar saniyar da tafin hannu, ya ware ta gadon baya don mazauni, ta ciki mai laushi don gefe. Yakan ja zare cikin kaki, ya huda da basilla, yana hira da maƙwabcinsa cikin Turancin buroka, kansa a ɗage. Na taɓa sa ƴar rula a kan ɗinkin a ɓoye, tazarar duk ɗaya. Har yau ban gane yadda yatsu ke gani haka ba.

Wata Asabar da hantsi, bayan bakanike ya ɗaura kujerun, aka kawo motar gidanmu a Samaru. Ni da yayana muka tallabo Abba, muka zaunar da shi a mazaunin direba. Jikinsa ya zame hagu da kansa, ya sauka daidai inda tsohon ya bar masa, kamar jiya ya tashi. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan sitiyari, ya shafa fatar, ya sunsuna. Sannan ya juyo, bakinsa na rawa, ya ce, "Wa... ya auna ni?"

Wata tara rabon da mu ji jimla daga bakinsa. Yayana, wanda ya fi kowa son a sayar, ya juya baya yana share ido. Abba bai sake tuƙi ba, amma ya ci gaba da magana kaɗan-kaɗan har shekara biyun da ya ƙara a duniya.

Da na koma na ba tsohon labari, cewa kawai ya yi, "To madalla," ya ci gaba da ɗinkinsa. A wurinsa na koyi cewa kafin ka gyara wa mutum abu, sai ka fara sanin mutumin. Kuma tun daga lokacin ban ƙara raina mai sana'a don na ga tsufa ko rauni a jikinsa ba.